Ina Malama Take?

A gidan rediyon da yake aiki ba mai kiransa da sunansa na yanka. Sau-Uku ake ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a. Aikinsa rubuta talla ne, na sabulu, na batir, na maganin sauro, duk abin da aka kawo. Ƙa'idarsa kowa ya haddace ta don yawan faɗi: magana in ka faɗe ta sau ɗaya kunne ta taɓa, sau biyu ta samu wurin zama, a na uku mai sauraro ne zai ƙarasa maka da bakinsa. Yana da wata dabarar kuma, wadda ya fi ji da ita: ka yi tambaya, amma kada ka bar wa kowa filin amsawa.

Wata Laraba maƙwabcinsa tela ya shigo masa rai a ɓace. Ɗan telan ne ya faɗo daga kan tebur a aji huɗu, goshi ya fashe, sai da aka yi ɗinki. Malamar ajin kuwa ba ta nan lokacin, kuma yara sun ce kullum bayan an dawo daga hutun tara takan ba su aiki ta fice na kusan rabin awa. Ranar Asabar akwai taron iyaye, tela yana so a kore ta, amma shi da ya miƙe gaban jama'a harshensa sarƙewa yake. Tunda Autar Sau-Uku ma ajin take, ai sai ya yi musu magana.

Matarsa ta ce ya fara zuwa ya ji ta bakin malamar, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ya ce mata yaro da ɗinki a goshi ai ya gama bayani. Auta tana gefe tana ji, ta ture kwanonta ta ce ta ƙoshi. Bai kula ba, hankalinsa ya riga ya tafi neman amshi, kuma kafin ya wanke hannu ya samu. A bayan takardar tallan sabulu ya rubuta jawabin.

Ranar taron zauren makarantar ya cika, fanka ɗaya tana ta ƙara a sama. Ya fara a hankali, kamar mai jin nauyin magana. Ya ce da safe mukan wanke 'ya'yanmu, mu shirya su, mu damƙa su amana. Ya yi shiru har sai da aka daina gyara zama. Sannan ya ce lokacin da yaro ya hau tebur, ina Malama take? Lokacin da ƙafarsa ta zame, ina Malama take? A na uku, da ya zo kan jinin da ya ɓata rigar makaranta, buɗe hannu kawai ya yi, iyaye suka ƙarasa masa. Wallahi daɗin da ya ji a lokacin ko ranar da aka ƙara masa girma bai ji irinsa ba. Ya ci gaba da jan zaren, har wata uwa a benci na baya ta fara share hawaye.

Malamar ta miƙe, wata siririyar mata da garin alli a hannun rigarta. Ta ce ta yi kuskure da ta bar aji, ta ba tela haƙuri. Inda take zuwa kuwa, ta ce ba za ta faɗa a nan ba, amma za ta yi wa wasu iyaye bayani su kaɗai. Da ta faɗi haka Sau-Uku ta kalla. Sau ɗaya ta yi maganar, murya ƙasa-ƙasa, fankar ma ta fi ta ƙara.

Sau-Uku ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ji ko? To har yanzu dai..."

Zauren ya ɗauka baki ɗaya. Ranar Litinin mai makarantar ya ba ta takardar sallama.

Auta ta ƙi zuwa makaranta, ta ce cikinta ke ciwo. Kwana biyu ana haka. Don ya faranta mata, da ya dawo daga aiki da yamma ya miƙa mata sabon tallan da ya rubuta, ya ce ta karanta masa da muryar 'yan rediyo. Ai ita ce abin alfaharinsa, yarinyar da takan buɗe littafin makaranta ta zuba shafi guda ba gargada, har yakan kira baƙi su ji.

Ta riƙe takardar ta daɗe. Ta sa yatsa a kan kalmar farko, ta ce "sa", ta tsaya, ta ce "bu". Kafin ta kai "lu" kuka ya ƙwace mata.

Da ƙyar uwar ta lallashe ta ta yi magana. Ashe Auta ba ta iya karatu ba. Shekara huɗu tana jin abin da ake maimaitawa a aji tana haddacewa, ta zo gida ta buɗe littafi ta rera. Malamar ce ta gano, ranar da ta ga bakin yarinyar yana layi na biyar yatsanta yana na biyu. Tun daga nan take jan ta, ita da wasu yara biyu, zuwa ɗakin ajiyar littattafai, suna bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Auta ce ta roƙe ta kada kowa ya sani, musamman Baba, Malama kuma ta yi mata alkawari.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Da sassafe ya tafi wurin mai makarantar. Mutumin ya saurare shi, ya ce an riga an ɗauki wata, kuma ko ya so ya mayar da ita iyaye ba za su yarda ba, tunda shi Sau-Uku ne ya koya musu waƙar. Ya tsaya a bakin ƙofa yana tarar iyaye ɗaya-ɗaya. Amma gaskiyar doguwa ce, ga ta da kwana-kwana, ba ta da amshi. Wasu suka ce suna sauri. Tela kuwa cewa ya yi ashe saboda 'yarka aka bar nawa ya fasa kai, ya wuce bai ko yi masa sallama ba.

Sai ranar Juma'a ya samu ƙarfin halin neman gidan malamar. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani lungu, ya tarar tana ɗaure kwalaye. Wurin yayanta za ta koma, a wani gari, don nan ko shago ta fita yara na binta suna rera tambayarsa suna tafi. Ya shirya kalamai tun daga gida, masu kyau kuwa, amma da ya buɗe baki ya ji duk tallan sabulu suke kama, sai kawai ya ce ta yafe masa.

Ta ci gaba da ɗaurinta. Can ta ce, "Sau bakwai ka yi tambayar nan, Baban Auta, na ƙirga. Ko sau ɗaya ba ka tsaya ka ji amsa ba."

Ta zaro wani ƙaramin littafi daga jakarta, ta nuna masa shafin da suka tsaya ita da Auta. Ta ce kada ya kuskura ya karanta wa yarinyar, domin in ta ji sau ɗaya ta haddace ke nan, kunnensa ta gado. Abin da zai yi shi ne ya zauna kusa da ita kawai, ya yi shiru, ya jira ta. Ya karɓi littafin da hannu biyu.

Da yamma suka zauna a kan tabarma, littafin a tsakaninsu. Auta ta sa yatsa tana ta fama da kalma guda, shi kuma kalmar tana kan harshensa, yana danne ta. Bai taɓa sanin shiru yana da wuya haka ba. Ta samu gaɓa biyu, ta uku ta gagara. Sai ta juya littafin, ta ga rubutun hannun da ke bangonsa, ta gane shi.

Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ina Malama take?"

Ya buɗe baki. Ita kuwa ta ajiye yatsanta a kan shafin, ta zuba masa ido tana jiran amsa.