Mai Gadin Gwamnatin Kwana Sha Tara

"Tarihin ƙasar nan kashi biyu ne: kafin gwamnatina, da bayanta."

Haka maƙwabcina Jaudat al-Kassab ya faɗa da hantsin ranar Talata, yana kishingiɗe a kan matashi uku, da kwat a saman rigar barci. Gwamnatin da yake nufi kwana goma sha tara ta yi, shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Ni tarihi na koyar a jami'a har na yi ritaya, kuma sau ɗaya na ci karo da ita a littafi, a ƙasan shafi. Amma wanda ya taɓa zama firaminista da girmansa ake kiransa har kabari, don haka na ce, "Haka ne, mai girma."

Ba dubiya ce ta kawo ni ba. Abu Salim ne ya aiko ni, ɗan sandan da aka girke a ƙofar gidan Jaudat ranar da aka rantsar da shi. Gwamnati ta faɗi, ba wanda ya tuna ya janye shi. Hukuma ta yi masa ritaya, shi bai yi wa ƙofar ba. Ya ce bakin da ya ce masa "tsaya" shi zai ce masa "tafi". Yanzu ya haura saba'in, gwiwa ta ƙi, zaitun ɗinsa a ƙauye ya nuna, kuma ƙanensa mai kaɗe masa ya rasu bara.

"Ustaz Adib, kai ka iya magana," in ji shi. "Nemo mini sallama kafin ya riga ni tafiya."

Ummu Nizar, matar gidan, ta zuba mini gahawa. Na ajiye kofin ban kurɓa ba, yadda mai buƙata yake yi har sai an ce ta biya. Jaudat ya dubi kofin, ya dube ni, ya gyara wuyan kwat.

"Daga fada?"

"Daga gida na gaba, mai girma. Adib ne."

"Sun makara. Amma ba a fushi da ƙasa. Sha gahawarka, na amince zan kafa gwamnati."

"Ai batun Abu Salim ne…"

"Sharaɗi ɗaya, ni zan zaɓi ministan cikin gida."

"Sha mana, Ustaz," in ji Ummu Nizar, "kafin ya ɗora maka ma'aikatar ruwa. Jiya mai burodi ya samu harkokin waje."

Na sha. Har yau ban san a kan me na sha ba.

Jaudat ya sa aka kira Abu Salim. Tsohon ya shigo yana jan ƙafa, ya ƙame, ya sara masa, idonsa na kaina yana neman albishir. Na dubi kofin.

"Abu Salim, an kira mu. Ka tsaya a ƙofa, kada ka motsa sai na dawo daga fada."

"An gama, mai girma."

Tsakanin azahar da la'asar Jaudat ya cika, yana tambayar ina baƙin takalminsa. An yi kwana uku ana zaman makoki. Gwamnati ta turo wani jami'i da ya raɗa mini a kunne, "Marigayin wace ma'aikata ya riƙe?"

Rana ta huɗu na iske Abu Salim a ɗakin gadinsa na katako.

"Na sha gahawar a gaban shaida," na ce. "Ka san ma'anarta. Buƙata ta biya."

"Wacce? Taka ko tasa?"

Na yi digiri biyu, amma sai na ɓige da gyara tabarau.

Ummu Nizar ta leƙo ta taga. "Abu Salim, don Allah tafi gida. Ni na sallame ka."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ke ba kya cikin gwamnati."

"To ai ba zai dawo ba," na ce.

"Na sani, Ustaz, da kafaɗata aka kai shi kabari." Ya murza gwiwa. "Da ba ka sha ba, da wataƙila ya tambaye ka abin da ya kawo ka."

Jiya aka yi ruwan farko, irin wanda ke zubar da zaitun ƙasa. Na hango Abu Salim daga barandata. Buhunan da ya saya don kaɗar bana suna ninke a ƙarƙashin kujerarsa. Ya zaro ɗaya, ya kakkaɓe, ya rufe gwiwoyinsa da shi, ya mayar da fuska kan titi.