Neman Watan Salla da Madubin Bature

Shekarar da kogi ya cinye hanyar Auyo, zamanin Turawa, ni Zarami na ba ƙauyenmu Salla. Ruwa ya kewaye mu, babu mai kawo labarin wata daga Haɗeja, ga tsofaffi azumi ya galabaitar da su.

Ina da madubin hangen nesa da wani Bature mai awon ƙasa ya bar mini, don na ceci ransa a kogi. Da magariba, ranar duban wata, samari suka yi ta wawurar madubin, kowa na leƙa inda ya ga dama, ba su ga komai ba.

Na ce, "Ku ba ni nan! Haka kuke noma?"

Na ɗora shi a kafaɗar maƙwabcina Umara, na bi sama kunya-kunya kamar mai noma, daga giginya zuwa kuka, in ɗaga kaɗan, in dawo. Sai ga jinjirin wata!

Liman Fannami ya ce, "Da idona nake so, Zarami."

"Allah gafarta Malam, bi tsinin madubin."

Ya bi, ya gani, ya yi kabbara. Washegari akushin farko na tuwon Salla gidana aka kawo.