Baƙar Rigar Sumire

Shekara arba'in da ɗaya Kinuyo ta yi tana ɗinkin kimono, rigar gargajiyar ƙasarsu, da hannu a garin Kiryu, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta raga wa ɗinkin banza. In aka kawo mata aikin wani tela, sai ta juya cikinsa waje, ta bi layin zaren da farce, ta miƙa wa mai shi kayansa ba ta ce uffan ba. Da shirun nan gara zagi. To yau ga ta a ƙarshen watan Nuwamba, ƙafafu cikin bargon da ke lulluɓe da ɗan teburin ɗumama jiki, tabarau a kan hanci, tana maƙala baƙin leshi a wuyan wata riga da ko a mafarki ba ta yi zaton za ta taɓa irinta ba.

Rigar ta 'yarta ce, Sumire. Baƙa ce wuluk daga sama har ƙasa, wuyanta ya hau har haɓa, hannayenta matsattsu ne zuwa gwiwar hannu sannan su baje, siket ɗin kuwa hawa uku, ya kumbura kamar ƙararrawa. Ga igiyoyi a baya, ga ƙananan giciye na azurfa a maimakon maɓalli. Tun tana 'yar shekara sha shida Sumire ta faɗa wa irin wannan shiga, ita da ƙawayenta, su shafa baki baƙi, su riƙe baƙar lema ko ba ruwa ba rana. Kinuyo ta sha cewa hankaka ta haifa. Shekara goma cur ba ta yarda sun jera tare zuwa tashar jirgi ba, sai dai ta ba da rata a baya kamar ba ta san mai rigar ba. Sau ɗaya tak yarinyar ta roƙe ta ta nuna mata yadda ake tattare bakin siket, ita kuwa ta ce allurarta ba ta kayan tsoratar da yara ba ce. Maganar nan ta yi ta cin Kinuyo a wannan kaka, ci ba na wasa ba.

Tun watan Agusta Sumire take kwance a asibiti. A farkon Nuwamba ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashi, ta miƙa wa uwar. Zanen riga ne. Ta ce ƙawayenta za su yi taron shan shayi a Tokyo cikin Disamba, kuma ba ta son ta je da tsohon kaya. Kinuyo ta karɓa, ta sayo yadi a ranar, ta fara da siket.

Tana gama hawa na uku likita ya kira ta ofishinsa ita kaɗai. Ya yi ta kewaye-kewaye yana kallon takardu, daga ƙarshe ya ce da wuya Sumire ta ga sabuwar shekara. Ya tambaya ko a gaya wa mara lafiyar. Kinuyo ta ce a'a. Haka aka yi wa mijinta, bai sani ba har ya tafi, kuma ta yi imani hakan ya fi masa sauƙi. Ta yi wa likita godiya, ta sunkuya har sau biyu, ta hau bas ta dawo gida ta ɗauki allura. Abin da ta sa a gaba guda ɗaya ne, kada yarinyar nan ta gane. Ta gama rigar, ta kai mata, su yi ta hirar Tokyo har iya inda hirar ta kai.

Rana ta ɗan karkata aka turo ƙofa. Hatsue ce, yayar marigayi mijinta, tsohuwa mai bakin da ba ya hutawa, ta shigo da gasasshen dankali a ƙunshe cikin jarida.

"Kai, wannan iska! Kamar za ta cire wa mutum kunne," in ji Hatsue tana cusa ƙafafu cikin bargon. "Ke kuma kin ci wani abu yau, ko zaren kike haɗiya?"

"Na ci, Yaya."

"Kin ci ƙarya dai. Ungo, ɓare." Ta gyara zama ta ƙura wa rigar ido. "Oho! Ashe da rabon in ga ranar da Kinuyo za ta yi wa jemage ɗinki. Wannan leshi haka, ai ya isa labulen gida biyu."

"Haka ta zana."

Hatsue ta ɗaga kafaɗar rigar da yatsu biyu, ta auna faɗin ƙirjin da tafin hannu. Dariyar ta gudu daga fuskarta.

"Wannan ai awon bara ne. Yarinyar da ta koma kara? Biyunta za su shiga nan."

"Za ta murmure kafin Disamba."

"Kinuyo."

"Na ce za ta murmure, Yaya. In na yanka ta daidai jikinta na yanzu, me kike so ta ɗauka?"

Hatsue ta kai hannu za ta juya rigar ta ga cikinta, Kinuyo ta janye abinta, ta ce hannun duk toka ne. Tsohuwar ta zauna tana ɓare dankali tana share hanci da bayan hannu, tana zagin iska wai ita ta sa mata mura. Kinuyo ba ta yi kuka ba. Tun ranar likita hawaye bai zo mata ba, sai wani nauyi a ƙirji da ba ya sauka ko tana barci. Ta dai ci gaba da ɗinki. Hannunta na tafiya shi kaɗai, ita kuwa hankalinta na can ɗaki mai lamba sha huɗu.

Bayan kwana biyu ta gama. Ta goge rigar, ta naɗe ta cikin ƙyallen ƙunshi mai ruwan toka, ta hau bas ɗin ƙarfe ɗaya. Itatuwan bakin asibitin sun zubar da ganye, masu shara na ta fama da iska. A cikin lif ta gwada murmushi a jikin ƙarfen ƙofa, ta ga bai yi ba, ta sake gwadawa.

Sumire na zaune an jingina mata matasai uku, baƙar hular ulu a kai inda gashi yake a da. Ko a nan ba ta fasa ba, ta shafa wa faratanta baƙi.

"A'a, manyan baƙi! Mama, wannan ƙunshi haka, ko gawar kyanwa kika kawo mini?"

"Rufe mini baki. Wanke hannunki tukuna."

"Mutumin da ake wanke shi sau biyar a rana?"

Kinuyo ta kwance ƙunshin ta shimfiɗa rigar a kan bargo. Sumire ta shafa leshin wuyan, ta taɓa giciyen ɗaya bayan ɗaya, idanunta suka ciko.

"Kai, Mama. Ashe kin iya. Shekara goma kina ta yi mini rowa."

"Ba wani abin wahala ba ne. Yawan surutu ne kawai ya yi wa rigar yawa, kamar mai ita."

"Ƙawayena su Ririko za su mutu da baƙin ciki. Tasu duk ta keke ce." Ta ɗaga rigar ta kara a ƙirji, ta yi dariya. "Amma fa ta yi mini yawa."

"Sai ki ci abinci. Saura mako uku."

Sai Sumire ta yi abin da duk wanda ya tashi a gidan nan zai yi. Ta cusa hannu cikin rigar ta juya cikinta waje. Ta fara daga bakin siket, tana bin layin zaren da farce, tana gyaɗa kai. Hawa na ɗaya, na biyu, na uku. A ƙarshen kowane layi ga ɗan ƙulli nan a zaune, ƙarami, mai ƙarfi. Ta hau zuwa ƙugu. Farcen ya tsaya. Ta koma gefen ƙirji, ta duba hammata, ta zazzago hannun rigar ta duba, ta duba ɗayan. Kinuyo ta sunkuyo don ta ga abin da aka samu a aikinta, ita da ba a taɓa samun komai a aikinta ba.

Daga ƙugu zuwa wuya babu ƙulli ko ɗaya. Kowane layi ya tafi sumul, bai koma baya ba ko taki guda, ya ƙare da ɗan wutsiyar zare a sake.

Riga ɗaya ce a duniya ake yi wa irin wannan ɗinki. In an yi mutuwa a unguwarsu, Kinuyo ake kira ta jagoranci matan da za su ɗinka farar rigar da mamaci zai tafi da ita. Ba a ƙulla zarenta, ba a mayar da allura baya, don kada a ɗaure mai tafiya, kada kuma ya waiwayo. Ta ɗinka wa surukarta, ta ɗinka wa mijinta, ta ɗinka wa maƙwabta da ba ta san adadinsu ba. Sumire ta sha zama gefenta tana kallo tun ba ta kai tsayin tebur ba.

Kwana tara Kinuyo tana wannan aiki, da rana tsaka, da tabarau a ido, ba ta gani ba.

"Tsufa ne," ta ce da sauri, tana kai hannu. "Ido ya tafi. Kawo in je in warware, gobe-gobe zan..."

Sumire ta danne rigar da tafin hannu.

"Siket ɗin kin gama shi kafin ranar Alhamis ɗin nan, ko? Ranar da kika ce mini layin karɓar magani ne ya tsare ki."

"Sumire, kuskure ne."

"Mama, bakinki ya yi ƙoƙari. Har almakashinki ya yi ƙoƙari, dubi faɗin ƙirjin nan. Hannunki ne bai iya ba." Muryarta ba ta rawa, ita ce ma ta fi tsoratar da uwar. "Me ya ce?"

Kinuyo ta buɗe baki. Ta tanadi amsoshi iri-iri a cikin bas, ta nemi ko ɗaya ta rasa.

"Zan ga dusar ƙanƙara?"

"Wataƙila ta farko."

"Sabuwar shekara fa?"

Kinuyo ta girgiza kai. A nan ne abin da ya ƙi zuwa kwana tara ya zo. Ta kifa fuska a kan baƙin siket ɗin ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka ƙona gawar mijinta. Tana kuka tana ba da haƙuri, na rigar, na tashar jirgi, na hankaka, duk a cakuɗe. Sumire ta ɗora mata hannu a ƙeya tana shafawa, hannun ba nauyi kamar na jariri.

"Za ki ɓata mini leshi," ta ce can, ita ma fuskarta sharkaf. "Na fa daɗe da zargi. Kowa ya shigo sai ya yi ta yi mini dariya, har Goggo Hatsue ta daina zagina. Na gaji da taya ku wasan, Mama. Ni kaɗai nake kwana da abin, ba wanda zan gaya wa ina jin tsoro."

"Kina ji?"

"Sosai."

Suka zauna haka, har hasken taga ya sauka daga bango zuwa ƙasa. Sannan Sumire ta share fuska da hannun rigar asibiti.

"Kin zo da allura?"

Tambayar banza ce, Kinuyo ba ta zuwa ko kasuwa ba allura a jaka.

"To taimaka mini in sa. Ba zan sa farar nan ba, kin ji? Ban taɓa yin kyau da fari ba. Wannan nake so. Amma ba zan kwanta gaban su Ririko cikin buhu ba, sai kin rage ta."

Da ƙyar aka sa rigar. Sai da Kinuyo ta ɗaga mata hannu ɗaya bayan ɗaya, tana kaffa-kaffa da robar ƙarin ruwa. Sumire ta zauna a bakin gado, ƙafafu na lilo, wuyan leshin ya tokare mata haɓa. Ta yi kyau. Kinuyo ta faɗa mata haka, da baki, karo na farko.

Ta durƙusa a ƙasa, ta kama yadin gefen ƙirji ta ninke. Yatsa huɗu ta cire a dama, huɗu a hagu, tana jin haƙarƙarin 'yarta a bayan yatsunta. Ta zura baƙin zare ta fara daga hammata zuwa ƙugu, taki ƙanana, a jere. Ɗakin ya yi tsit, sai numfashin Sumire a saman kanta.

Ta kai ƙarshen layin. Wannan karon tana sane da hannunta sarai. Ta naɗa zaren a kan allura sau biyu, ta danne da babban yatsa, saura ta ja. In ta ja, ƙulli zai zauna, mai ƙarfi, irin wanda ba ya kwancewa ko an shekara hamsin.

Baƙaƙen farata suka sauko suka riƙe mata yatsa.

"Mama," in ji Sumire a hankali. "Ki bari."

Kinuyo ta daɗe a durƙushe, zaren na naɗe a kan allura. Sannan ta warware shi, ta sunkuya ta yanke da haƙori, ta bar wutsiyar a sake. Ta ja gwiwa ta koma ɗaya gefen.