Dashe a Cikin Leda

"Wa ya yage ledojin nan?"

Shugaban ƙungiyar kare muhalli ne ke tambaya, yana tsaye a filin wata makarantar firamare, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Baƙin da ke ba ƙungiyar tallafi sun ɗau hotuna sun tafi, direba ya juyo da a-kori-kura don a kwashe dashen, sai aka tarar babu na kwashewa.

Auta ta ɗaga hannu. Ita ce sabuwa a cikin masu neman sanin makamar aiki, waɗanda ake mora ba albashi, da alkawarin za a ɗauki mutum ɗaya a ƙarshen shekara. Ba wanda ya gaya mata yadda ake yi a nan: da ledarsa ake binne dashe, a yi hoto, baƙi na juya baya a tone, gobe a kai wata makarantar. Ita kuwa baiwar Allah sai ta bi rami-rami tana yage leda, tana danne ƙasa da tafin hannu kamar gonar ubanta.

Shugaba bai zage ta ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi daga yau ta zauna a ofis ta riƙa haɗa shayi.

* * *

A gida, Yaya tela, wanda kullum shi ke ba ta kuɗin mota, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ita kaɗai ya sani da za a kora don ta shuka bishiya a ƙungiyar shuka bishiya. Mama ba ta yi dariya ba. Shekara da shekaru takardar digirin Auta na kwance a ƙasan akwati, wannan gurbin ne kawai ƙofar da ta taɓa buɗuwa. Auta ta ji tsoro ƙwarai, ta ci gaba da wanke kofuna tana jiran ranar sallama.

* * *

Bayan damina wata jami'a daga masu tallafin ta sauka ba sanarwa. Ta ce hotuna sun ishe ta, bishiya take son gani da idonta. Nan fa ido ya raina fata, don ko'ina ramuka ne kawai, sai makarantar nan ɗaya da Auta ta yage wa dashe leda. Can aka nufa, har da mai haɗa shayi. Ashe ɗalibai sun raba bishiyoyin aji-aji suna ba su ruwa, har sun kai kafaɗar yaro.

Jami'ar ta shafa ganye, ta tambayi wanda ya yi aikin wurin.

"Wannan 'yar tamu ce," in ji Shugaba, yana nuna Auta, baki har kunne. "Ni na koya mata da hannuna. Ita ma za mu ba gurbin."

Suna komawa ofis Auta ta zagaya bayan gini ta kira gida, tana jin kamar an sauke mata buhu daga ka.

"Mama, sun ɗauke ni."

Mama ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Yau zan ci abinci ya zauna mini."

Yaya ya karɓe wayar yana cewa daga gobe kowa tasa ta fisshe shi, shi ya yi ritaya daga kuɗin mota. Auta na cikin dariya a-kori-kura ta wuce ta gabanta, sauran masu koyon aiki a baya, rungume da dashe a leda, ganyen duk ya yi rawaya saboda yawo.