Allon da Kafinta Ya Yi wa Auta

Kafintan nan mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko a gidan mutane kujera ta yi masa rawa, sai ya kifa ta ya duba ƙafar. To, da aka sallamo 'yarsa Auta daga asibiti, wata biyu bayan jijiya ta fashe mata a ƙwaƙwalwa tana tsaka da aiki a shagon magani, ita ma kallon aikin gyara ya yi mata. Shekararta ashirin da uku, ɓarin dama a mace, baki ba magana.

Ya bi bango da katakon da za ta riƙa dafawa tun daga gadonta har banɗaki, ya goge shi sumul don kada sartse ya shige ta. Wannan kam ya yi rana, don a wata na uku tana yin taku tara tana jan ƙafa.

Sai kuma allon. Ya samu falanki ya zana kofi, fanka, taga, bargo da banɗaki, ya kafa a gefen gadon, Auta ta riƙa nunawa da hannun hagu. Abin ya yi masa daɗi, ya shiga ƙari ba ji ba gani. Hoto biyar ya koma arba'in, har da na ciwon kai da na a rage rediyo.

"Baban Auta, saura ka zana bakinka," in ji matarsa, "ta riƙa nunawa a kashe."

Ranar Talata likitar da ke koya wa Auta magana ta zo gida. Ta daɗe tana kallon allon.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni ne," ya ce, har yana gyara tsayuwa.

"Ya yi kyau ƙwarai. A cire shi yau."

Ta tambaye su yaushe rabon Auta da gwada buɗe baki. Da aka lissafa, mako uku ke nan.

"Watannin farkon nan su ne damarmu," ta ce. "In suka wuce bakin bai motsa ba, dawowar maganar za ta yi wuya. Abin da ta nema da baki, ko rabin kalma ne, ku yi mata nan take. Wanda ta nuna da ido kuwa, ba ku gane ba."

Ya ɗauko sukundireba ya kwance sukurori huɗun, Auta na kallonsa. Kunya ta kama shi, ga haushi. A shekara talatin na aikinsa ba a taɓa ce masa kyan aiki ne ya yi ɓarna ba.

Uwar ba ta jure ko wuni ɗaya ba. Da Auta ta kafa mata ido sai ta tsere kicin ta kama wanke abin da ta riga ta wanke. Dole zaman ya koma kansa.

Rana ta uku, da la'asar, ana zafi. Kofin ruwa na kan tebur, nesa da hannunta. Auta ta dubi kofin, ta dube shi. Ya gane sarai, ai ko makaho zai gane. Ya ɗauki kofin ya riƙe a kan gwiwarsa.

"Me kike so, Auta?"

Ta nuna da yatsa. Ya kau da kai ya kalli taga.

"Ban gane ba. Faɗa mini."

Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito sai iska. Yawu ya zubo ta gefen dama, hannunsa ya kai ga tawul da kansa, ya janye shi. Ta bugi katifa da hagu. Ta sake bugawa. Haka suka yi wajen minti goma sha biyar, tana haki, hawaye na gangarowa cikin kunnenta, shi kuwa bai taɓa tsanar kansa kamar lokacin ba.

Ta cije leɓen ƙasa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe.

"Fff... fi... fita."

Muryar ta fito a dishe, a karkace, amma ba mai cewa bai ji ba. Ya tashi ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Matarsa ta tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, kofin ruwan na hannunsa har yanzu.

"Lafiya?"

"Ta kore ni."

"Da hannu?"

"Da baki."

Ta dafe ƙirji, ta kai hannu za ta karɓi kofin ta shiga da shi. Ya riƙe gam.

"Bari tukuna," ya ce. "Ba ta ce ruwa ba."