Zuciyar Baba ta Roba

Mahaifina tela ne, kuma taurin kai gare shi na bugawa a jarida. Ranar da aka ce wata ƙofar jini a zuciyarsa ta saki, jini na komawa baya, sai an yi tiyata, ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi a ba shi ƙwayoyi ya tafi gida. Alhali mutumin nan daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya yana haki, in ka tambaye shi ya ce iska yake sha.

Mun lallasa, mun yi fushi, Mama ta yi kuka har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Ni ko sabon ma'aikaci ba ya taɓa yadin mutane a shagona sai ya ɗinka ƙyalle na gani. Sai jikina ne zan miƙa wa wanda ban taɓa ganin ɗinkinsa ba?"

Na kai wa likitar da za ta yi aikin wannan magana ina sunkuyar da kai don kunya. Sai ta tuntsire da dariya, ta ce, "Kawo shi ranar Laraba. Ina da ƙyalle."

Da ƙyar muka jawo shi, ni da Mama. Ofishin ƙarami ne, kujera biyu kacal, don haka ni a tsaye na ƙare. Likita ta buɗe wani akwati, ta ciro abu mai laushi kamar dunƙulen hannu, ta ɗora a tafin Baba.

"Zuciyarka ce, Baba. Daga hoton ƙirjinka da aka ɗauka, inji ya yi ta shimfiɗa roba sala-sala har ta fito yadda take a ciki. A kanta na gwada aikin, na ɗinka zoben da zai riƙe ƙofar."

Baba ya sa tabarau. Bai ko kalli gaban ba. Ya tura manyan yatsunsa biyu ya buɗe ta, ya juyo bayan ɗinkin, don a wajensa gaba na mai kaya ne, baya shi ne na tela. Ya bi zaren da farce, ya ja, ya sake ja. Ni dai na san bakinsa.

"Da hannu kika yi wannan?"

"Da hannu, Baba."

Ban taɓa ganin ɗinkin wani ya rufe masa baki ba sai ranar. Amma idonsa bai huta ba, ya leƙa akwatin, ya hango wasu zukatan roba biyu a ciki.

"Waɗancan biyun fa?"

Likita ba ta ɓoye ba. Ta ce a ta farko zoben ya yi girma, ƙofar ba ta haɗu ba. A ta biyu kuma ta bi inda aka saba bi, sai ta tarar da wata jijiya kwance a hanya, inda ba a cika samunta a jikin mutane ba.

"Kin ji ko?" Mama ta ce da ni. "Ko a ciki ma ba ya bin hanyar mutane."

Har likita sai da ta dara. Baba kuwa ya ɗauko ɓatacciya ɗaya ya juya ta a hannunsa.

"Da a jikina kika gano haka fa?"

"Shi ya sa na ɓata roba, Baba."

Ya cire tabarau ya naɗe, ya ce, "Wanda ya ɓata ƙyalle biyu ya san darajar yadi. Yaushe za ki yi, 'yata?"

Mama ta rufe fuska da mayafi. Ni ma farin ciki ya sa na manta jakata a ofishin, sai biyo mu aka yi da ita.

A mota yana ta yabon ɗinkin kamar shi ya koya mata. Da muka kusa kwanar gidanmu sai ya taɓa kafaɗata.

"Biya ta gidan malamin makarantar nan tukuna."

"Me za mu yi a can, Baba?"

"Yadinsa na mayar masa makon jiya. Duk na mayar wa mutane kayansu, na ce su nemi wani tela." Ya juya yana kallon titi. "Shiga ki karɓo. Ki ce ya ɗan yi haƙuri, sai na fito daga asibiti."