Hannu Cikin Keji

A ɗakin gwaji Uwar Ƙwari ake ce mata, ita kuma ko a jikinta. Aikinta kiwon ƙudan yashi, ɗan mitsitsin nan da ido ke rainawa, amma in ya ciji mutum sai ya bar masa gyambon da zai yi watanni yana cin fata. Duk maganin feshin da za a kai unguwanni sai ya bi ta hannunta. Ta shafa shi a takarda, ta shimfiɗa cikin kwalba, ta zuba ƙudaje, washegari ta duba wa ya mutu wa ya tashi.

Sabon maganin da aka kawo ya karkashe ƙudajen da take kiwo tas. To amma waɗannan 'yan gata ne, tun kakannin kakanninsu a keji aka haife su, ruwan sukari suke sha, ko warin feshi ba su taɓa shaƙa ba. Don haka ta tafi unguwar bayan mayanka, inda ciwon ya fi ƙamari, ta zuƙo na can da bututu daga tsagar bango. Su kam maganin ya kayar da su, amma da gari ya waye suka miƙe suna tsalle abinsu.

Ta gaya wa shugaban sashe. Ya ce na kiwo su ne ma'auni, ya umarce ta ta ja bakinta, don jibi za a fita feshi. Abin ya ci mata rai matuƙa. Ta san da zarar an fesa, mutane za su naɗe gidan sauro su kwanta da yaransu hankali kwance.

Ranar fita masu feshi suka jeru a tsakar ma'aikata, tankoki a baya, shugaba na yi musu jawabi. Sai ga ta ta ratso layi rungume da kejin raga, irin mai hannun riga a gefe inda ake zura hannu. Ta dire shi a kan mota.

"Yallaɓai, ga na bayan mayanka. Sun sha maganinka sun ƙoshi."

"Malama, magagin mutuwa ne suke yi. Ɗauke min wannan abin."

"To alhamdu lillahi. Mai magagin mutuwa ai ba ya cizo. Sa hannunka."

Kowa ya san daga inda ƙudajen suka fito, ya kuma san ciwon da wataƙila suke ɗauke da shi. Ta warware bakin hannun rigar, ta riƙe masa shi. Ta rantse a ranta ba za ta sauke ido ba.

"Kin san da wa kike magana? Ba ni mabuɗin ɗakin gwaji. Daga yau kin bar shi."

Ta ciro mabuɗin ta miƙa masa. Sai dai a hannun da ke riƙe da bakin kejin ta sa shi, ƙudaje na yawo dab da yatsunta. Shugaba ya dubi mabuɗin, ya dubi ragar, ya mayar da hannayensa biyu baya.

Babban masu feshi, wani dattijo mai furfura, ya daɗe yana kallon hannayen shugaban. Can ya kwance igiyar kafaɗarsa, ya sauke tankinsa ƙasa a hankali.

"Yallaɓai, 'ya'yan mutane ne fa a can," in ji shi.

Na bayansa ma ya fara kwance tasa.